Taku Goma Sha Ɗaya

A shekarar farko aka ba mu gawa, mu huɗu,
wata tsohuwa da ta yi wasiyya da jikinta ga makaranta.
Ba a faɗa mana sunanta ba.
A farcen ƙafarta akwai sauran jan launi.
Sati shida ina riƙe da gwiwarta,
ina bin jijiya kamar mai warware zaren da ya cukurkuɗe,
har na daina iya cin cinyar kaza.

Winnipeg, sanyi mai daskarar da gashin hanci.
Bas ta shida da kwata, littafi a cinya,
ƙashi ɗari biyu da shida ina jera su kamar mai ƙirgar bashi.
Bashin ma yana nan, takardarsa manne a firji
kusa da jadawalin aikin daren mahaifiyata.
"Liezel, digiri ɗaya bai isa ba?"
in ji kawu Rodel ranar Kirsimeti.
"Wasu shekaru biyu, don ki koyi matsa wa mutane ƙafa?"
Na yi dariya, na ƙara masa shinkafa.

A aji jikin juna muke ara.
Na san kafaɗar Brennan fiye da yadda ya san ta,
shi kuma ya san inda ƙuguna ke yin ƙarya.
Ranar jarrabawa na amsa komai tiryan-tiryan,
na ɗaga mai kwaikwayon ciwon daga keken guragu
ban taka birki ba.
Madam Desjarlais ko murya ba ta ɗaga ba.
"Mutuminki yana ƙasa," ta ce. "Ki dawo a watan Maris."
Na yi kukana a wajen ajiye motoci,
hawayen na daskarewa kafin su kai haɓa.

Shekara ta biyu, hawa na huɗu, ɗaki na tara:
Ostap, saba'in da ɗaya,
shekara talatin da huɗu yana haɗa taragon jirgin ƙasa,
yanzu ɓarinsa na hagu ya yi masa yaji.
Yana zagi da yaren kakanninsa,
matarsa Halyna ta ƙi fassarawa.

Na zo masa da ma'aunin kusurwa da takarda mai layi-layi.
Na tambayi burinsa, yadda aka koya mana.
Ya dube ni har na ji nauyin rigar da ke jikina.
"Bayan gida," ya ce. "Ni kaɗai. In rufe ƙofa."
Da daddare na koma na ƙirga:
daga gado zuwa ƙofar, taku goma sha ɗaya.

Satin farko, tsayuwa kawai, ga gumi sharkaf.
Na biyu, taku ɗaya, ƙafar na jan ƙasa kamar an ɗaura mata dutse.
Duk tangaɗin da ya yi, hannuna ya riga shi.
Madam na bayana, da ƙyar ake jin ta:
"Cire hannunki. Ɗamarar kawai.
Bar shi ya ji inda faɗuwa take."
Babu babin wannan a littafin da na ci bashi na saya.
Na cire. Cikina ya ɗuri ruwa.
Ya karkata, ya yi zagi, ya dawo daidai.

A taku na bakwai wa'adina ya cika.
Aka tura ni asibitin yara, can ƙetaren kogi.
Halyna ta cusa min burodi mai zafi a jaka,
shi ko kallona bai yi ba, yana hararar ƙafarsa.

Ƙanƙara ta fara narkewa, tituna duk caɓi,
ina cikin bas, ina haddar jijiyoyin wuya,
saƙon Madam ya shigo, kalma uku:
"Ya rufe ƙofa."
Na wuce tashata da biyu.
Na sauka, na dawo da ƙafa,
ina jin diddige, tafin ƙafa, ɗan yatsa,
diddige, tafin ƙafa, ɗan yatsa.